Tudun Shabaka da Harajin Riɗi

Abin da na fara koya a Gadarif shi ne laka ba ta san baƙo ba. Na sauko daga motar Hartum a ƙarshen damina, sanye da farar shadda da takalmin da na saba shiga ɗakin watsa labarai da shi a Kaduna. Na taka baƙar ƙasar nan tasu sau ɗaya, ƙafata ta fito, takalmin ya zauna. Wani ɗan dako ya zaro shi, ya miƙo min yana dariya, ya ce da Hausa mai gauraye da Larabci, "Marhaban, ya zol. Haka ƙasarmu take gaisuwa."

Na yi shekaru ina karanta labarai da farashin kasuwa a wani gidan rediyo mai zaman kansa. Da aka zo rage ma'aikata, sunana yana ciki. Ina zaune a gida wani mai suna Sharif ya neme ni ta waya, ya ce kamfaninsa a Sudan yana buƙatar murya mai tsabtar Hausa. Murya ce kaɗai jarina, sai na ɗauko ta na taho.

Dole in bayyana aikin, domin duk abin da ya same ni a kansa ya rataya. Kowane cinikin riɗi ko dawa yana da haraji, kuma harajin na mahaliyyar da aka yi cinikin a cikinta ne, wato ƙaramar hukuma a faɗarmu. Gonakin can kuwa ba irin namu ba ne. Gona ɗaya, wadda suke kira mashuru, sai ka yi tafiya a mota ba ka ga ƙarshenta ba, kuma iyakar mahaliyya ba ta da katanga. Ɗan kasuwa zai sayi riɗi a gona, ya ratsa mahaliyya biyu ko uku kafin ya iso kasuwar Gadarif, kowacce tana ganin haƙƙinta ne. Shi ya sa wasu kamfanoni suka shiga tsakani. Ɗan kasuwa ya shigar da cinikinsa a waya, kamfani ya faɗa masa mahaliyyar da ke da harajin, ya ba shi rasit, duk mai karɓar haraji ya gani ya ɗaga masa hannu. Amma rasit ɗin ba ya aiki sai idan ofishin kuɗi na jiha ya gwada kamfanin ya ba shi shahada, takardar da ke cewa an yarda da rabonsa.

Sharif ya sa ni a wani ɗaki da aka jingina katifu a bangonsa don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Nan na naɗi maganar da waya za ta riƙa yi wa Hausawan da ba sa karatun Larabci. "Idan riɗi ne, danna ɗaya. Idan dawa ce, danna biyu." Ya karɓi fasfona ya ce zai yi min iƙama, izinin zama. Ban tambaye shi shahada ba, domin a lokacin ban san akwai ta ba.

Wata safiya na zo aiki na tarar da 'yan kasuwa sun cika ƙofar ofis. An ƙi karɓar rasit ɗinsu a hanya, an sauke wa wasu kaya. Kamfanin bai taɓa samun shahada ba. Sharif kuwa ya bi iska. Mai gidan da muke haya, wani dattijo Balarabe, ya ja ni ta ƙofar baya, ya buɗe aljihun teburin Sharif, ya ɗauko fasfona ya sa min a hannu. Ya ce, "Malesh," wato in yi haƙuri. Na buɗe na duba. Babu iƙama, kuma bizar da na shigo da ita ta kama hanyar ƙarewa.

Kasuwa

Sharif ya gudu da fuskarsa. Ni muryata ta zauna a cikin wayar duk wanda aka cuta.

Ban gane nauyin hakan ba sai ranar da na tsaya gaban mai ful a kasuwa, na ce a zuba min wake da mai. Wani mutum da ke gefena ya ajiye cokalinsa ya juyo a hankali.

"Sake faɗa."

"Me zan sake faɗa?"

"Wallahi shi ne! Jama'a, ga Danna-Ɗaya!"

Kafin in haɗiye yawu an kewaye ni. Wani ya riƙe min wuyan riga, wani yana kwaikwayon muryata da hanci. Ina ƙoƙarin yin bayani, amma Hausar rediyo ba ta da amfani a cikin hayaniya, sai ma ƙara musu haushi take yi. Nan na ji wata murya ta mace ta tsaga taron.

"Ku sake shi, ku 'yan banza! Ɓarawo ne zai zauna a kasuwar da ya yi sata yana cinikin wake? Ku dubi takalminsa. Wannan shi ma cinye shi aka yi."

Hajja Kaltuma ce, mai shayi a bakin rumfunan hatsi. Kakanninta sun taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a Gadarif, zangon ya zama gida. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma ta fi ni sanin sunayen tsofaffin garuruwan hanya. Ta zaunar da ni a kan ɗan bencinta, ta zuba min shayi mai kanumfari.

"Ɗana, me sunanka na gaskiya?"

"Habibu, Hajja."

"To Habibu, ka rage wannan Hausar taka. Kana magana kamar wanda zai sanar da rasuwa. Nan idan abu ya yi kyau kwayyis muke cewa, mu wuce."

A bencin nan na yi zaman jiran abin da ban sani ba. Ina taya masu rumfa rubuta saƙo, ina kwana a shagon ɗan'uwanta mai ɗinkin buhu. Kewar gida takan zo min ne ta hanyoyin da ban zata ba. Kisrarsu, wata siririyar gurasar dawa, tana da daɗi, amma duk lokacin da na kai ta baki sai harshena ya nemi miyar kuka. Idan na kira matata Rabi, sai in daidaita murya in ce komai lafiya, aiki yana tafiya yadda aka tsara.

Ran nan ta ce, "Baban Ummi, ni ba mai sauraro ba ce. Duk ranar da ka fara karanta min labarai na san akwai abin da kake ɓoyewa."

Na ce shabaka ce ba ta da kyau, wato layin waya. Ta ce, "To, Allah ya gyara shabakar."

Ofishin Hajj Adam

Hajja Kaltuma ce ta kai ni wurin Hajj Adam. Babban ɗan kasuwar hatsi ne, Bahaushen can, wanda ya gaji da ganin ana sauke wa direbobinsa kaya a hanya har ya kafa nasa kamfanin. 'Yarsa Salma, wadda ta karanta ilimin kwamfuta a Hartum, ita ta gina manhajar. Sun bi ƙa'ida tun daga farko. Ofishin kuɗi ya ba su izinin gwaji na kakar riɗi ɗaya, daga nan a duba aikinsu, a ba su shahada ko a hana.

Hajj Adam ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

"Muryarka ta ɓaci a garin nan," ya ce. "Amma an san ta. Mutanen kambo, masu zama a sansanin gona, ba sa karanta allon waya, kunne suke bi. Idan muryar da ta yi musu ƙarya ta dawo ta faɗa musu gaskiya, za su ji."

"Abba, ko kuma su jefa wayar a rijiya," in ji Salma.

"Sai mu sayi wata."

Sannan ya faɗa min abin da ke gabana, babu kwana-kwana. Kamfanin da ba shi da shahada ba zai iya tsaya wa baƙo a ba shi iƙama ba. Idan suka samu kafin bizata ta ƙare, zan zauna da aikina da mutuncina. Idan suka faɗi, zan zama baƙon da ya wuce wa'adi, wanda muryarsa ke cikin kamfanoni biyu da aka rufe. Babu jami'in da zai yarda cewa sau biyu tsautsayi ne.

Na sake naɗar komai daga farko. Na yi yawo rumfa rumfa ina nuna wa 'yan kasuwa yadda ake yi. Wasu suka kore ni, wasu suka ce in fara cewa "danna ɗaya" su yi dariya tukuna. Na riƙa faɗa musu. Kakar riɗi ta kama, manyan motoci suka fara shigowa gari a cike, rasit ɗinmu na gwaji yana wucewa a hanya. Na fara cin abinci da ɗanɗano.

Wanda aka turo ya duba mu sunansa Ustaz Mu'awiya, siririn mutum mai farar jallabiya, wanda ba ya shan shayin wanda yake bincika. Hajj Adam ya sa aka kawo, ya ce ya gode, kofin ya huce a gabansa. Ya nemi Salma ta nuna masa duk cinikin kakar a kan taswira, kowane ciniki ɗigo ɗaya a inda aka yi shi.

A kusa da gari ɗigogin sun bazu yadda ya kamata. Da ya ja taswirar zuwa wajen garin Doka sai ya tsaya. Akwai wani rafi, irin wanda ke ƙafewa da rani, da ya raba mahaliyya biyu. Gabashin rafin duk manyan gonakin riɗi ne, amma babu ɗigo ko ɗaya a kansu. Duk cinikin yankin ya taru a wuri guda, baƙi ƙirin kamar tururuwa a kan sukari, a yammacin rafin inda babu gona.

"Riɗin gabas," ya ce da Larabci a hankali, "harajin yamma. Duk kakar."

Salma ta ce manhajar ba ta zaɓar wuri, inda waya take shi take ɗauka.

"Haka kowa yake faɗa." Ya juyo gare ni. "Kai ne muryar?"

"Ni ne, Ustaz."

"Na san ta. Na saurare ta a wayoyin da aka kawo mana ƙara." Ya rufe jakarsa. "Idan kamfani ya karkatar da harajin wata mahaliyya zuwa wata, abu biyu ne. Ko bai iya aikinsa ba, ko wani ya roƙe shi. Na farko hana shahada ne. Na biyu ba ofishinmu ke ji da shi ba."

Hajj Adam ya ajiye carbinsa. Ban taɓa ganin ya ajiye shi ba. "Ustaz, mahaifina a kasuwar nan ya tsufa. Kafin ka rubuta, mu je ka gani da idonka. Ni ma ban san abin da ke wurin ba."

Ustaz Mu'awiya ya yi tunani, ya ce zai je, amma a motar haya, kuma shi zai biya kuɗin kujerarsa.

Doka

Muka hau bas zuwa Doka, ni da Ustaz da Salma, wadda Hajj Adam ya wakilta. Daga can muka shiga gaban wata babbar mota da za ta ɗauko riɗi. Hanyar ta bushe ta tsattsage, motar tana tafiya kamar raƙumi mai ciwon ƙafa. A mararrabar da ke zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba wasu Habashawa suka hau baya da laujensu za su yankan riɗi. Ɗaya daga cikinsu ya miƙo mana gasasshiyar masara ta taga, ya ƙi karɓar komai. Ustaz bai ci ba. Ni na ci nawa na ci nasa.

Sauran hanyar duk a tunani na yi ta. Ina lissafa abin da zan faɗa wa Rabi idan aka sa ni a mota zuwa iyaka, kuma kowace jimla na shirya sai ta fito kamar kanun labarai.

Muka isa wani kambo a gabashin rafin, 'yan bukkokin ma'aikata da rumfa ɗaya, ga tarin riɗi an jera a tsaye yana shan rana. Wakilin gonar, mai kula da ita a madadin mai ita, wani tsoho ne mai suna Baba Isiyaku, gajere, mai kaifin ido. Mun tarar yana ciniki da wani ɗan kasuwa da na sani, Haruna, wanda ni da kaina na koya wa manhajar. Muka zauna gefe muna kallo.

Suka ja, suka saki, suka sake ja. Da suka daidaita Baba Isiyaku ya ce ya sallama, suka haɗa hannu, duk wanda ke rumfar ya ɗaga tafinsa aka karanta Fatiha. Na zuba wa aljihun Haruna ido ina jiran ya ciro waya. Bai ciro ba. Ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar iyali, ya yi sallama, ya hau babur ɗinsa ya nufi yamma.

"Ina za shi?" in ji Ustaz.

"Tudu," Baba Isiyaku ya ce, kamar an tambaye shi inda rana take faɗuwa.

Muka bi sawun babur ɗin. Muka tsallake busasshen rafin, muka hau wani ɗan tudu mai duwatsu wanda a ƙasarmu ko suna ba za a ba shi ba. A samansa akwai mutane sun fi na wata kasuwar ƙauye. Kowa ya ɗaga waya sama yana juyawa. Masu yankan riɗi suna kiran gida, wani yana ihu da Amharanci, wani yana rantsuwa da Larabci cewa ya turo saƙo. Wata mata har ta kafa teburin shayi a gindin dutse. A duk faɗin yankin nan kaɗai shabaka take kamawa.

Sai na ji kaina. Daga dama, daga hagu, daga bayan dutse, muryata tana fitowa daga wayoyin 'yan kasuwa, a natse, da cikakkiyar Hausa: "An karɓi cinikinka. Harajinka na mahaliyyar yamma ne."

Salma ta dafe kai. Manhajar tana ɗaukar wurin da waya take ne a lokacin da aka aika ciniki, ba lokacin da aka ƙulla shi ba. A gari duk ɗaya ne. A nan kuwa akwai rafi a tsakani.

Ustaz Mu'awiya ya daɗe yana kallon taron. Na ga gefen bakinsa ya motsa, amma bai bari ta zama dariya ba.

"Babu wanda ya roƙe ku," ya ce. "Na yarda. Amma shahada ba ta kyakkyawar niyya ba ce. Mutanen gabas suna da makaranta da rijiyoyin da suke jiran wannan harajin. Zan rubuta cewa rabon kakar nan a gyara shi. Zan dawo kafin a gama kwashe riɗi, ba zan faɗi rana ba. Idan na ga ɗigo ɗaya a kan tudun nan, shi ke nan."

Kambo

Salma ta ce nata ɓangaren mai sauƙi ne. Waya tana sanin inda take ko babu shabaka. Za ta sa manhajar ta riƙe wurin a lokacin da aka danna, ta aika daga baya. Abin da ya rage shi ne 'yan kasuwa su riƙa dannawa a gona. Ta koma Gadarif, ni na zauna a kambo don in koya musu.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Na tara su na yi bayani dalla-dalla, suka ce kwayyis. Washegari aka yi ciniki, aka shafa Fatiha, mai saye ya hau babur ya tafi tudu.

Na tare Haruna. "Ba na ce maka tana aiki ko babu shabaka ba?"

"Na ji, Danna-Ɗaya. Ba shabaka ce matsalar ba."

"Mece ce?"

"Kai yanzu a gabanka mutum ya sallama maka kaya, an ɗaga hannu an yi Fatiha, sai ka zaro waya kana rubuta shi? Ka ce masa me ke nan? Ka ce Fatihar ba ta isa ba, sai ka kafa masa shaida. Baba Isiyaku ya taɓa fasa ciniki da wani saboda ya ciro biro. Ni ina da shekara mai zuwa a gonar nan."

Ashe tudun ba don shabaka kaɗai ake hawansa ba. Wuri ne da mutum zai yi rubutunsa ba a idon wanda ya amince masa ba. Wannan kuwa babu abin da Salma za ta taɓa a kwamfuta ya gyaru.

Na zauna a rumfar nan ina kallon ciniki bayan ciniki, kwanakin bizata suna zubewa kamar riɗi daga ɓulallen buhu. Abin da ya zo min a ƙarshe daga tsohon aikina ya zo. A ɗakin watsa shiri, idan ka gayyato babban mutum, ba ka naɗe maganarsa ka rufe shirin a kansa. Kana tura masa makirufo ne ka ce, ranka ya daɗe, kalmar ƙarshe taka ce. Naɗar dai ita ce, amma a hannunsa take, sai ta zama girmamawa.

Na hau tudu na kira Salma. Na ce a juya tsarin. Mai saye ya shirya komai tun kafin a zauna, amma kada ya danna. Bayan Fatiha ya miƙa wa mai kaya wayar da hannu biyu, shi ya rufe cinikin.

"Abba zai ce wayon 'yan rediyo ne," ta ce.

"Shi ne. Ki bar min wurin jimla biyu."

A cikin bukkar ajiyar buhu na naɗe su, na rufe kaina da bargo saboda kukan injin casa. Na yi ta maimaitawa har na cire duk wani ƙamshin sanarwa daga ciki, kamar yadda Hajja Kaltuma ta ce.

Matasan wakilai suka karɓa da wuri, har suna gasar wanda za a miƙa wa waya. Baba Isiyaku ne ban samu na gwada ba, domin ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Ranar da ya dawo, ranar ce motar haya ta sauke Ustaz Mu'awiya a bakin kambo, shi kaɗai da jakarsa.

Ya zaɓi cinikin da zai kalla da kansa, kuma na Baba Isiyaku ya zaɓa. Haruna ne mai saye. Na ga zufa a goshinsa tun kafin a fara. Aka ja, aka daidaita, aka haɗa hannu, aka shafa. Haruna ya dube ni, ya dubi babur ɗinsa. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya ciro wayar, ya miƙa da hannu biyu.

Fuskar tsohon ta ɗaure. "Mene ne wannan, Haruna?"

Wayar ce ta amsa, da muryata: "Mai kaya, Allah ya amfana. Magana taka ce, kai za ka rufe ta."

Baba Isiyaku ya karkata kai. Ya dubi wayar, ya dube ni.

"Kai ne a ciki?"

"Ni ne, Baba."

"Da can kana magana kamar alƙali. Wa ya koya maka ladabi?"

"Wata mai shayi a Gadarif."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya juya wayar a hannunsa. "Wato in ban taɓa ba, babu ciniki?"

"Babu, Baba."

"Ko Haruna ya hau tudu?"

"Ko ya hau hasumiya."

"To ai haka ya kamata tun farko," ya ce. Ya goge babban yatsansa a rigarsa, ya danna da ƙarfi kamar mai kashe kunama.

Babu abin da ya faru, domin babu shabaka. Ustaz ya karɓi wayar daga hannun Haruna ya sa a jakarsa, ya ce mu tafi. Muka tsallake rafin da ƙafa, ni da shi, Haruna yana tura babur a baya. Muka fara hawan tudun. Yanzu muna tsakiyar mahaliyyar yamma, a daidai wurin da ya cinye harajin kaka guda. Muna kusa da teburin mai shayi jakar ta yi ƙara. Ya buɗe, ya ciro wayar, ya ɗaga ta tsakaninmu.

"An karɓi cinikinka. Harajinka na mahaliyyar gabas ne."

Na yi shekaru ina jin muryata a rediyo, ban taɓa jin daɗinta kamar ranar ba. Na zauna a kan dutse.

Ustaz ya duba sauran cinikin makon a wayarsa. Ɗigogin sun koma gonakinsu, tudun ya zama fili. Ya rufe jakarsa, ya juya wurin mai shayin, ya ce ta zuba biyu. Ya miƙo min ɗaya.

"Yanzu ba na bincikenka," ya ce. "Sha."

Shahadar ta fito kafin bizata ta cika, ba da tazara mai yawa ba. Hajj Adam ya kai fasfona da kansa aka buga iƙama. Hajja Kaltuma ta juya shafin sama da ƙasa, ta ce ita ba ta ga abin da ya kai a rame a kansa ba, sannan ta goge ido da bakin mayafinta ta ce hayaƙin gawayi ne. Sunan Danna-Ɗaya bai bar ni ba har na bar ƙasar, amma ya daina zama zagi.

Amma kafin duk wannan, a ranar nan a kan tudu, da Ustaz ya sauka, na tsaya cikin masu yankan riɗi na ɗaga tawa wayar sama kamar kowa. Mai shayin tana mita cewa na kore mata 'yan kasuwa, su ne masu shan shayi da madara. Rabi ta ɗauka. Ban shirya komai ba. Na fara daga Sharif, na tsallaka zuwa laka, na dawo kan fasfo, na ambaci Baba Isiyaku ba tare da na faɗa mata ko wane ne ba, ina dariya, numfashina yana yankewa.

Ta bar ni har na ƙare. Sannan ta ce, "Ban gane rabin abin da ka faɗa ba, Baban Ummi. Amma yau kai ne. Sake farawa daga farko, ina ji."